Cokalin Kafen Babanku

Gamkalle, Yamai

Asabe, ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina gaida angona, ko yana bayanki ko yana cinyarki a lokacin da kike buɗe takardar nan. Allah ya sa mota ta sauke ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya, ya sa ku tarar da mutanen gidan mijinki cikin alheri. A ƙarƙashin zannuwan jariri zan cusa ta, don in na miƙa miki hannu da hannu na san abin da zai faru. Za ki durƙusa ki ce "to, Inna", ki ninke ta ki adana, ba za ki tambaye ni ko kalma ɗaya a ciki ba.

Wannan "to" ɗin naki shi ya zaunar da ni rubutu, ni da rabona da alƙalami tun muna karatun manya. Tun kina ƙarama haka kike. A aike ki, to. A yi miki faɗa kan laifin wani, to. Matan Gamkalle suna ta yaba mini ke, wai Rabi mai dambu ta iya tarbiyya, ni kuma kaina yana ta kumbura. Sai ranar da muka je farmasi karɓo wa angona maganin ƙarin jini na ga inda abin zai kai mu. Mai farmasi yana ta zuba bayani da sauri, rabi Faransanci rabi Zabarmanci, mutane sun yi layi a bayanmu, kika ce masa to. Da muka fito na ce, "Nawa za a ba shi?" Kika ce, "Ina jin ya ce har zane na biyu." Na ce, "Kina ji, ko kin jiya?" Kika sunkuyar da kai. Ni na ja hannunki muka koma ciki.

Ke da kika yi lakwal, makarantar boko, har kika fito da takarda, Faransanci bai fi ƙarfinki ba. Kunya ce kawai ta riƙe miki baki. Yaron nan kuwa bakwaini ne, ya zo duniya ana ɗaukarsa a tafi biyu, da ƙyar da addu'a ya kawo wata ukun nan. Yanzu za ki tafi da shi ƙauyen da aka tura mijinki koyarwa, can bayan Gure, inda sai an hau moto, wato babur, kafin a ga gidan likita. Can babu ni da zan ja hannunki mu koma. Ba na jin tsoron talauci a kanki, ba na jin tsoron mijinki, mutumin kirki ne. Abin da nake tsoro ɗaya ne: a miƙo wa yaron nan abin da ba daidai ba, ke kina gani, ki ce to.

Kun sha jin babanku yana tsokanata da cokalin kafe, kuna dariya. Rabin labarin kuka sani, bari in cika miki.

Lokacin kina da shekara ɗaya da ƴan watanni, muna haya a ɗaki guda can wajen lambuna. Ban daɗe da zuwa daga Tasawa ba, Yamai ba ta gama zama mini gari ba. Kakarku Iya, uwar babanku, Allah ya jiƙanta, tana wurinmu. Mura ta kama ki da tari, muka kai ki likitar unguwa. Ke ƴar fari ce, kin kuma san yadda abin yake a wurinmu. Ba na kiran sunanki na yanka, ba na ɗaukarki gaban manya, in kina kuka gaban Iya sai in kau da kai in ci gaba da aikina, zuciyata kuwa tana wurinki. Saboda haka Iya ce ta shiga da ke a hannu, ni ina bayanta, na ja mayafi ina kallon bango.

Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya duba ki, ya rubuta siro, maganin tari na ruwa, ya ce, "Kwiyer a kafe." Wata ma'aikaciya Bazabarma da ke gefensa ta juya mana da irin tata Hausar: "Cokali na kafe guda. Safe, rana, dare." Iya ta gyaɗa kai. Ni kuwa tambaya ta zo mini har bakin leɓe: wane ne cokalin kafe? Amma in buɗe baki gaban uwar miji, a kan ƴar fari? A koma Tasawa a ce Rabi ta je birni ta zubar da kunya? Na haɗiye abata. Kwalbar da aka ba mu kuma ba ta zo da abin awo ba.

A gidanmu mutum ɗaya ke shan kafe, wato kofi, shi ne babanku. Tun yana yaron mota ya koya wurin masu shayi na tasha. Sai ya cika babbar moɗa da madara da kafe, ya gutsuttsura burodi a ciki, ya sa ƙaton cokali yana ɗiba. Cokalin nan ba mai taɓa shi sai shi, sunansa ma a gidan ke nan, cokalin kafe. Muna dawowa Iya ta ce, "Ɗauko muna cokalin kafen mijinki." Na ɗauko, na wanke shi tas, har ina jin daɗi a raina wai da cokalin ubanki za a ba ki magani. Iya ta cika shi fal ta ɗura miki. Da rana aka ƙara wani.

Tari ya tsaya cak, kika yi barci. Iya ta ce, "Kin gani? Magani ya karɓe ta." Na yi wanki, na yi tuwo, ina ta godiya ga Allah. Sai da aka kira la'asar na ga barcin ya yi yawa. Na faki idon Iya na ɗaga ki, wuyanki ya langaɓe. Na sa miki nono a baki, ba ki kama ba. Na mintsine ki a cinya, kika buɗe ido da ƙyar kika mayar. Asabe, ban san lokacin da na yi ihu ba. Gaban Iya na saɓa ki a baya, na suri kwalbar, ban san me ya sa ba na suri cokalin ma, na fita ba mayafi. Iya tana bina da gudun tsufa tana salati.

Majo ya karɓe ki, ya duba numfashinki, ya sa aka kwantar da ke inda za su riƙa lura. Sannan ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Da wanga kunka ba ta?" Ya buɗe durowa ya fito da wani ɗan ƙaramin cokali, ya riƙa ɗibar ruwa da shi yana zubawa a na babanku. Sai da ya zuba uku ya cika. Ashe su a wurinsu cokalin kafe shi ne ƙaramin nan na motsa sukari, namu kuwa sunansa cokalin miya. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce, "Madam, don mi ba ki tambaya ba?" Iya ce ta amsa, ta ce, "Ɗiyar fari ce, likita." Shi ɗan Damagaram ne, ya gane nan take. Ya ce, "Iya, ai kwalbar ga ba ta san ta fari ce ba."

Allah ya taimake mu ba a kai ga ba ki na dare ba. Kafin magariba kika farka da wani irin kuka, ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. A hanyar gida, da muka kai bakin lambuna, Iya ta juyo ta dube ni. Ta tsaya ta ce, "Rabi, daga yau ke za ki riƙa shiga da ita. Ni in tsaya waje, kunyar taki ta zauna wurina har ki hito." Haka kuwa aka yi har ta koma ga Allah. Ina son matar nan, ina kewarta har yau.

To ki ji. Duk wanda ya ba ki magani don yaron nan, kar ki bar gabansa sai kin maimaita masa abin da ya faɗa da bakinki: kaza ne, har nan ne, sau kaza, zuwa yaushe. Ki ce ya nuna miki da yatsa a jikin abin awon. In layi ya kai bakin titi, ya kai. In ya ɓata rai, ransa ne, zai huce. Cokalin gida kuma, babba ko ƙarami, ki bar shi a kwanon abinci. Ni mai dambu ce, shekara da shekaru hannuna ke zuba gishiri ba awo, ba wanda ya taɓa dawo mini da kwano. Wannan hannun nawa bai da amfanin komai a gaban kwalbar magani, naki ma haka. Irin siron tarin da aka ba ki ma, na ji yanzu ba a ba wa ƙananan yara shi sam. In kuwa kin ba yaro wani abu kika ga barcinsa ya canza, ko ya ƙi kama nono, kar ki yarda da mai cewa magani ne ke aiki. Ki ɗauke shi, ki ɗauki kwalbar, ki nemi moto.

Za ki ce daga ranar na yi hankali. Na yi, amma irin nawa. Da aka zo kan Auta, zamani ya canza, siron zazzaɓi yana zuwa da nasa sirinji marar allura, da lambobi a jiki. Ni kuma na gama karatun manya, ina karanta lamba, ba mai gaya mini komai. Na dubi lambobin na yanke wa kaina hukunci cewa watannin yaro ne. Auta yana wata huɗu, na zuƙo har huɗu na ba shi. Zazzaɓi ya ƙi sauka. Na ɗaura ɗankwali na koma farmasi da faɗa, na ce sun sayar mini da ruwan sukari. Yarinyar da ke wurin ta bar ni na gama sannan ta ce, "Mama, ba wata ba ne, kilo ne. Kilo nawa gare shi?" Kin tuna Auta yana jariri, ƙato ne, goyonsa sai da na yi ciwon baya. Da aka ɗora shi a sikeli ya kusa ninka abin da na ba shi. Na fito daga farmasin nan sumui-sumui, ban ko yi sallama ba.

Wancan karon kunya ce ta hana ni tambaya, wannan karon sani ne. A kan Auta abin ya zo da sauƙi, ragi na yi. Amma ki lura da naki. Angona bakwaini ne, watanninsa za su riƙa gudu suna barin nauyinsa a baya. Wanda ya auna masa da watanni, ko ya ce ai ɗan wance sa'ansa ne kuma kaza ake ba shi, zai wuce masa da yawa. Duk ranar awo ki kai shi, ko da rana ta yi zafi, ko da moton mijinki ta lalace, ki kuma riƙe kilonsa a ka yadda kika riƙe sunan Allah. Kowane sirinji da kwalbarsa, na ƙarin jini ba ya shiga ta zazzaɓi, don awonsu ba ɗaya ba ne. Kuma yanzu da yake ɗan mitsitsin nan, in jikinsa ya yi zafi ba kwalba za ki fara nema ba, likita za ki nufa, su duba su ga ko na sauro ne ko wani abu.

Na ƙanenki Abdu ba shi da tsawo. Kunne ya yi masa ciwo, aka ba mu irin garin nan da ake zuba wa dafaffen ruwa har zane a girgiza. Da ya daina kuka ya koma wasan ƙwallo, na ce to me ya rage, na ɗora sauran a kan kabad don gaba. Ciwon ya dawo ya fi na da, har da ruwa. Na sauko da kwalbar, zafin Yamai ya riga ya juya ta, ko warinta ba ya shaƙuwa. Irin wannan magani ana shan sa har inda likita ya ce, ko yaro ya tashi yana rawa, abin da ya saura kuma a zubar. Ki bar tattali a kan hatsi.

Can ƙauye za ki ga masu yawo da ƙwayoyi a faranti ranar kasuwa, ja da rawaya, rana ta gama dukansu. Za ki ga kuma maƙwabciya mai son ki tsakani da Allah, ta kawo ƙwayar da ta yi mata maganin ciwon kai, ta ce ki raba huɗu ki jiƙa masa. Ba mugunta ba ce, ni ma na yi wa wasu irin wannan alherin kafin in sani. Ki yi godiya, kar ki ba shi. Mijinki kuma na ga yana da zumuɗi, mushe ne, malamin lakwal, yana son ya ga an yi komai a kan lokaci. Ku yanke tun yanzu wa ke ba da magani a cikinku. In ba haka ba, wata rana zai ba shi kafin ya tafi lakwal, ke ki fito daga wanka ki ƙara.

Saura maganar uwar mijinki, tunda tare za ku zauna. Hajiya ta haifa, ta raina, ta aurar, ta san abubuwa da yawa da ba ki sani ba, ki saurare ta. Ban ce ki zubar da kunya ba. Kar ki kira sunan yaron gabanta, kar ki yi ta wasa da shi a tsakar gida ana kallo, wannan adonmu ne, ni ma har yau Asabe nake ce miki. Amma ranar da aka kawo jiƙo ko wani ɗaci za a ɗura masa, ko aka ce zafi ya yi yawa a ba shi ruwa alhali bai kai wata shida ba, nan kunya ta ƙare. Ba sai kin ɗaga murya ba. Ki durƙusa ki ce, "Hajiya, likita ya hana, in kin yarda mu tai tare ki ji daga bakinshi." In ta yi fushi ki yi ta ba ta haƙuri, ki yi mata wanki, ki dama mata fura. Haƙurin za ki bayar, ba yaron ba. Abin da ban sani ba shi ne ko bakin nan naki zai iya buɗewa, shi ya sa nake ta maimaitawa.

Nan na ajiye alƙalami shekaranjiya, na ce sai na samu sarari in rufe da addu'a. To ga abin da ya faru jiya, kin san shi, amma ba ki san yadda yake a wajena ba.

Gwaggwanninki sun zo daga Kirkisoy yi miki sallama, ɗaki ya cika. Babbarsu ta kawo mini zuma ta gaske daga wajen Gaya, mai kauri, ƙamshinta ya cika ɗakin. Angona yana cinyata yana ɗan tari. Wallahi ban yi wani tunani ba, hannuna ne ya tafi da kansa yadda na ga an yi mana, na tsoma yatsa na nufi bakinsa. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Na ɗaga kai, ke ce.

Kika ce, "Inna, ki yi hanƙuri. Sajfam ta ce kada a ba shi zuma sai ya shekara."

Na ce, "Ke da mi anka rene ki? Ba da ita ba?"

Kika ce, "Na sani, Inna. Amma shi ba a ba shi."

Idonki yana ƙasa, amma ba ki sake ni ba. Gwaggonki ta ce, "Ikon Allah, Asabe ce wannan?" Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Ɗiyar da na haifa, gaban dangin mijina! Na lashe yatsana, na miƙa miki ɗanki, na fita madafa na hau kankare tukunyar da ba ta da datti. Babanku yana zaune a inuwa, ya ji komai. Ya leƙo yana danne dariya ya ce, "Rabi, takardar taki ba ta ko karanta ba, ga shi ta ba ki amsa." Na ce ya tafi ya ba ni wuri.

Da yamma na je gidan sajfam ɗin, ungozomar likita da ta karɓi haihuwarki, wai in kai ƙararki. Ta ce gaskiyarki. Zuma, ko ta fi kowace kyau, takan zo da wata ƙwayar cuta da ba ta komai ga babba, amma cikin jariri bai yi ƙwarin da zai iya da ita ba. Ni da na zauna na cika takardu ina koya miki, ban san wannan ba. Na dawo ta bakin kogi a hankali, ina tafe ina dariya ni kaɗai, har masu ban ruwa a lambu suna kallona.

Da kika zo bayan isha kika durƙusa kina ba ni haƙuri, na ɗaure fuska na ce ya wuce. Girman uwa ne ya hana ni faɗar sauran, ga shi nan a rubuce. Ba ki yi laifi ba, kar ki sake ba ni haƙuri a kan wannan. Tun da aka sa ranar tafiyar nan ban yi barci mai daɗi ba sai jiya. Wadda ta iya riƙe hannun uwarta gaban gwaggwanninta za ta iya riƙe na kowa, a Gure ko a ina ne. Abin da na rubuta a sama ban goge ba, ki karanta, zai yi miki amfani. Amma tsoron da na fara da shi ya tafi.

Allah ya raya mana yaron nan, ya ƙara masa nauyi da lafiya, ya tsare shi daga cuta da kuskuren masu son sa. Allah ya ba ku zaman lafiya da mijinki da Hajiya, ya sa ki ga alheri a inda za ki. Babanku yana gaishe ku, da Abdu da Auta. Ki gaida mijinki, ki gaida Hajiya da kyau.

Zumar na toshe bakinta na ajiye, ba mai taɓa ta. Ki gaya wa angona in ya shekara ku zo, ni zan fara sa masa a baki da yatsana, in uwarsa ta yarda.

Wassalam, na bar ku a hannun Allah.

Innarki,
Rabi